A haɗe hukumar radiyasiyo da ta muhalli? Amsa ga ƙanena na Marwa

Wani ƙanenmu da ke karatun muhalli a jami'ar Marwa ya turo min tambaya, yace: "Yaya, naji ance ƙasar Ailan ta ɗauki hukumarta mai kare mutane daga radiyasiyo ta zuba ta cikin hukumar muhalli, kuma ba abinda ya lalace. To mu da bamu da kuɗi me zai hana ayi haka a Kamaru ko Chadi? Ai duk gurɓata ce, a rage ofisoshi da daraktoci da motoci."

Toh ƙanena, Allah ya yi maka albarka, tambayar tana da kyau, kuma abinda kaji gaskiya ne. Ailan a da tana da wata hukumar kariya daga radiyasiyo, wato hasken nan da ido baya gani mai ratsa jiki irin na ɗakin hoto a asibiti, ana ce mata RPII, an kafa ta 1992, sai a watan Agusta na 2014 aka shigar da ita cikin hukumar muhallinsu wato EPA, lokacin gwamnati na ta matse aljihu bayan karyewar tattalin arziki na 2008. Amma ni amsata a taƙaice ita ce mu nan kada a yi, aƙalla ba yanzu ba. Kuma ba don ina ganin mutanen muhalli basu iya aiki ba, a'a, dalilin shine inda haɗarin yake kwance a ƙasashenmu ba inda kake zato bane. Na daɗe ina aikin awon radiyasiyo, a ɗakunan hoto na asibiti da kuma wajen masu walda bututu, bari in faɗa maka yadda nake ganin abin.

Ka fara duba ita Ailan ɗin. Basu da tashar nukiliya ko ɗaya. Manyan damuwarsu guda biyu ne, iskar radon da ke fitowa daga ƙasa ta taru cikin ɗakuna, da kuma masana'antar nukiliya ta Sellafield a Ingila da ke can tsallaken teku wadda suke ta awon ruwa da kifi saboda ita. Kaga wannan duk aikin muhalli ne tsantsa, ɗebo ruwa, ɗebo ƙasa, auna iska, kai labo. Don haka da aka haɗa su ba wani baƙon gida suka shiga ba. Kuma duk da haka basu narkar da ita ba, sai da suka bar mata ofis nata da ma'aikatanta a ciki. Sannan abinda mutane basa faɗa, kula da yawan hasken da ake ba maras lafiya a asibiti ba hukumar muhallin aka bar wa ba, daga 2019 wata hukumar lafiya ce mai suna HIQA take riƙe da wannan. Wato su ma da kansu sun ga cewa mai awon ruwan teku ba shi zai shiga tsakanin likita da maras lafiya ba.

Yanzu dawo gida. In ka tashi daga Ngaundare ka bi Garwa, Marwa, ka kai Kuseri ka haye gadar Ngeli ka shiga Njamena, ina radiyasiyon da ɗan Adam ya ƙera yake? Na farko kuma mafi yawa, asibiti. Ɗakin radiyo wato ɗakin hoto, sikana, hoton haƙori, injin da ake haska ƙashi dashi ana cikin tiyata. Na biyu wajen aikin hanya, akwai wani akwati ruwan ɗorawa da injiniyoyi ke ɗorawa kan laterit bayan an daddanne don su ga ko ƙasar ta matsu, a cikinsa akwai siziyom-137 da kuma amerisiyom, sinadarai ne masu fitar da radiyasiyo. Na uku harkar mai, bututun da ya taso daga Doba ya je Kribi kilomita 1,070 ne, tun 2003 yake aiki, kuma irin wannan bututu duk inda aka yi walda sai an ɗauki hoton wajen da iridiyom-192 don a ga ko akwai tsaga, haka nan in ana haƙa rijiyar mai ana zura wasu ƙananan ƙwayoyi masu fitar da radiyasiyo cikin ramin don a karanta duwatsun ƙasa. Sai masana'antu masu auna cikar tanki, sai injin haska kwantena na duwan. Duk waɗannan dana lissafa maka babu wanda yake zubar da komai a kogin Binuwai ko ya turnuƙe gari da hayaƙi. In ma'aikacin muhalli yazo da idonsa da hancinsa zai tarar da komai fes, ya sa hannu ya tafi.

Bari in nuna maka wani ɗakin hoto da na taɓa shiga a wani ƙaramin kilinik, ba sai na faɗi garin ba. Injin mai kyau ne, na hannu ne daga Turai amma yana aiki. Ƙofar ɗakin kuwa katako ce zalla babu dalma a jikinta, kuma daidai bayan bangon da hasken ke fuskanta aka jera bencin da mata ke zama da yara suna jiran layi. Rigar dalma tana nan, an ninke ta an ɗora kan kujera, ninkin ya sa ta tsattsage daga ciki, in ka haska ta zaka ga layin tsagar ɓaro-ɓaro. Yaron da ke ɗaukar hoton yana da dozimeta, wancan ɗan abin da ake maƙalawa a ƙirji yana ƙirga abinda jikinka ya sha, amma yana cikin durowa a kulle wai kar ya ɓata a ci shi tara. Kuma in hoto bai fito da kyau ba sai kawai ya ƙara wuta ya sake, sau biyu sau uku, a kan jariri. Wallahi ɗakin a share yake, sharar asibitin ma a ware take yadda doka tace. Mutumin muhalli ba abinda zai rubuta. Wanda zai ga matsalar sai wanda ya san kilobolt nawa, wato ƙarfin wutar injin, ya dace da ƙirjin yaro, ya san kaurin bangon da ake buƙata, yazo da na'urar awo ya tsaya inda matan nan ke zama ya sa a danna.

Ƙa'idar da duniya ta yarda da ita ita ce ma'aikacin radiyasiyo kar ya wuce milisibat (ma'aunin yawan hasken da jiki ya sha) 20 a shekara in an raba a kan shekara 5, sauran jama'a kuma milisibat 1 a shekara banda wanda Allah ya halitta cikin ƙasa da sama, shi wannan matsakaicinsa a duniya wajen 2.4 ne. Hoton ƙirji ɗaya bai wuce 0.1 ba, amma sikana na ciki ɗaya yana kai wajen 8 zuwa 10. Na kawo maka lissafin ne don ka gane cewa sikana guda da aka saita ba daidai ba, yana haska mutum talatin a rana, ya fi duk wani abu da za'a auna a iskar Garwa tasiri a jikin mutane. Kuma kar kace wannan sai a ƙasashen talakawa. A Epinal ta Faransa tsakanin 2004 da 2005 an gasa masu kansar prostate (wata ƙwaya da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) da haske fiye da kima saboda kuskuren amfani da kwamfutar lissafi, mutum 24 suka ji mummunan rauni, wasu suka mutu. A Panama ma shekarar 2000 zuwa 2001 an yi irinsa da mutum 28. Ba hayaƙi ba wari, maras lafiya ya koma gida sai bayan watanni ciwo ya fito.

Sai kuma abinda ni yafi hana ni barci, 'yan gwangwan. Ka san yadda harkar take a garuruwanmu, yara da baro suna bi lungu-lungu, ana tara ƙarfe a auna a kilo a loda a kamiyo a yi kudu dashi ko a haye Najeriya. A watan Satumba na 1987 a garin Goyaniya na Brazil wasu mutum biyu suka shiga wani asibitin gasa cutar kansa da haske da aka tashi aka bari, suka kwance kan injin suka sayar wa mai gwangwan. Da aka fasa sai ga wani gari mai sheƙi shuɗi cikin duhu, mutumin ya ɗauka abin albarka ne ya rarraba wa 'yan uwa, har wata yarinya 'yar shekara 6 ta shafa a hannu taci abinci dashi. Siziyom-137 ne. Mutum 4 suka mutu har da yarinyar, an auna mutum wajen 112,000, aka samu 249 da abin a jikinsu, aka rushe gidaje aka kwashe ƙasar unguwa. Matar mai gwangwan ɗin ce ta lura kowa a gidan yana amai tun zuwan abin, ta sa shi a jaka ta hau bas ta kai ofishin lafiya, kuma ita ma bata tsira ba. A Tailan shekarar 2000 an sake yin haka da kobal-60, mutum 3 suka mutu. A kasuwar gwangwan ta Mayapuri a Delhi 2010 haka, injin wata jami'a aka yi gwanjonsa a matsayin tsohon ƙarfe. A Peru 1999 wani mai walda ya tsinci ƙwayar iridiyom da ta faɗo, bai san mene bane ya jefa a aljihun wando na baya, ƙarshenta sai da aka yanke ƙafar.

Me ya haɗa duk waɗannan? Ba wai babu doka bane. Takarda ce ta ɓata. Wani ya bar aiki, wani ofis ya tashi, aka manta cewa a ɗaki kaza akwai ƙwaya kaza. Babban aikin hukumar radiyasiyo, wanda baya fitowa a talabijin, shine rajista: kowace ƙwaya da ta shigo ƙasa, lambarta, ƙarfinta, ranar da ta shigo, hannun wa take, yaushe za'a mayar da ita inda aka sayo. Iridiyom yana raguwa rabi duk kwana 74, shi yasa kullum cikin shigo da sabo da mayar da tsoho ake, kullum yana kan hanya a bayan mota. Kobal shekara 5 da ɗan kai. Siziyom shekara 30, wato akwatin da kamfanin hanya ya manta a magazin yau, jikokinka zasu same shi da sauran ƙarfinsa. Kuma ba wani babban abu bane da za'a hango, a Janairun 2023 a Ostireliya wata ƙwaya mai milimita 8 da 6 ta faɗo daga mota a hanya mai kilomita 1,400, ƙasa mai kuɗi da kayan aiki sai da suka yi kwanaki suna nema kafin su gan ta a gefen titi.

To lokacin da rajista tafi shiga haɗari shine lokacin haɗe ofisoshi. Duk wanda yayi aikin gwamnati a nan ya san yadda ake tashin ofis. Dosiye a kwali, kwali a baranda, damina ta sauka. Kwamfutar da ke da lissafin tana hannun wani, an masa canjin wajen aiki ya tafi da lambar sirrin a kansa. Shekara ɗaya ko biyu ana rigimar wa zai zama darakta wa zai zama mataimaki, wa zai samu ofis mai kilim, kamfanoni kuma basu san wa zasu kai wa takardar neman izini ba sai su daina kaiwa. Ƙwayoyin kuma basu tsaya jiran a gama rabon kujeru ba, suna ta shigowa ta Duwala.

Sai maganar mutane. Kai kana ganin daraktoci da motoci, ni ina ganin 'yan tsirarun da suka iya aikin. Kafin ka samu sufeto ɗaya na radiyasiyo sai yayi digirin fizik ko makamancinsa, sannan yaje kwas na watanni irin wanda hukumar nukiliya ta duniya da ke Biyana take shiryawa a Maroko ko Aljeriya ko Gana, sannan ya bi wani babba shekaru yana koyo a fili. In ka ɗauki irin waɗannan ka zuba cikin ma'aikata mai ɗaruruwan mutane da ke fama da leda, sare itace, sharar kasuwa, hamada da ke cin ƙasa, ambaliyar Logon, me kake zato? Ƙaramar hukuma a cikin babba kamar ɗan riƙo ce a gidan yawa, ba mai hana shi tuwo amma ranar ɗinkin sallah shi ake mantawa. Ranar rabon kasafi, kuɗin aika na'urorin awo a daidaita su duk shekara zai zauna teburi ɗaya da kuɗin dashen itace da gwamna zai zo ya ƙaddamar, kai ma ka san wanda zai ci. Na'urar da ba'a daidaita ba kuwa tana nuna lamba, amma lambar bata da amfani, ko kotu aka je lauyan kamfani zai yi watsi da ita. Dozimeta ma sai an karɓa an karanta duk wata ko duk wata uku. Sannan a tsarin ma'aikata in kana son ƙarin girma sai ka bar ƙaramin sashe ka koma babba, to bayan 'yan shekaru masanin fizik ɗinka ya zama shugaban sashen tsaftar gari, wanda aka kawo madadinsa kuma bai taɓa riƙe na'urar ba. Waɗanda suka fi ƙwarewa ma basa tsayawa, kamfanin mai na jiransu da albashi ninki.

Af, ga wani abu kuma. Duk ranar da aka ce radiyasiyo ya koma ƙarƙashin muhalli, ƙorafin da zai cika teburin shine na antenar waya. Kowace unguwa akwai mai cewa tunda aka kafa ƙarfen nan kansa ke ciwo. Wannan wani irin haske ne daban, baya fasa ƙwayar halitta yadda na ɗakin hoto ke yi. Amma shi ke da masu surutu, shi ke da mai unguwa da zai kira, sai ka ga sufeton da ya kamata yaje ya duba injin sikana an tura shi ya lallashi jama'a a gindin antena.

Amma fa kar in cuce ka, ɓangarenka yana da hujja, kuma hujja mai ƙarfi. Dubi Japan. Kafin haɗarin Fukushima na Maris 2011 hukumar da ke sa ido kan tashoshin nukiliya tana ƙarƙashin ma'aikatar kasuwanci da masana'antu ne, wato ma'aikatar da aikinta shine ta ga nukiliya ta bunƙasa. Mai tallar kaya shine mai duba ingancinsa. Bayan abin ya faru suka rushe ta, a Satumba 2012 suka kafa sabuwa suka jingina ta da ma'aikatar muhalli, don ita muhalli bata da hannun jari a harkar. Sai dai ka lura, jingina ta suka yi, kwamishinoninta ke yanke hukunci da kansu, minista baya sa musu baki. Wannan shine abinda hukumar nukiliya ta duniya take nanatawa a ƙa'idojinta, cewa mai sa ido ya zama yana da 'yancin kansa na gaske, a rabe da masu amfani da abin da masu tallata shi. Bata ce sai a ƙarƙashin ma'aikata kaza ba. Maƙwabtanmu Najeriya hukumarsu NNRA da ta fara aiki 2001 a ƙarƙashin ma'aikatar man fetur take, alhali kamfanonin mai ne suka fi kowa amfani da ƙwayoyin nan a ƙasar. In da za'a ce min in zaɓa tsakanin ma'aikatar mai, ko ta ma'adinai, da ta muhalli, ba shakka muhalli zan ɗauka. Ma'aikatar lafiya ma tana da irin wannan matsalar, don manyan asibitoci nata ne, da wuya ta rufe ɗakin hotonta da hannunta.

A Kamaru dokar kare mutane daga radiyasiyo ta farko tun 1995 take, aka kafa hukumar da sunan ANRP a 2002 a ƙarƙashin ma'aikatar binciken kimiyya, sannan a 2019 aka yi sabuwar doka mai faɗi da ta haɗa har da tsaron kayan nukiliya. Chadi ma tana da tata, ATRSN. Kaga tamu ta Kamaru bata hannun masu mai, don haka dalilin da ya sa Japan ta gudu wajen muhalli bai kama mu sosai ba. Kuma ka lura da kalmar tsaro ɗin nan. A yankin da muke, da abinda muka gani na Boko Haram, ƙwaya mai ƙarfi a bayan pikap ba maganar gurɓata bace kawai, magana ce ta jandarma da duwan da soja, da sanin wace hanya za'a bi da wane lokaci. Wannan ba layin da ma'aikatar muhalli ta saba kira bane.

Faransa kuma da muke yawan kwaikwayo, su ma sun yi haɗe amma ba da muhalli ba. Sun haɗa ASN mai yanke hukunci da IRSN mai bincike da bada shawara, suka zama ASNR daga 1 ga Janairu 2025. Dukkansu 'yan gida ɗaya ne masu sana'a ɗaya, amma duk da haka sai da aka kai ruwa rana, majalisa ta ƙi a 2023, ma'aikata suka fito zanga-zanga, a 2024 ma da ratar ƙuri'a ɗaya abin ya wuce a majalisar wakilai. Tsoron da ake shine in mai awo da mai sa hannu suna ƙarƙashin shugaba ɗaya, ranar da awon bai yi wa shugaban daɗi ba wa zai fito dashi. Ingila kuwa ɗaukar tata hukumar tayi a 2005 ta sa cikin hukumar kare lafiya, daga nan aka sake mata gida 2013, aka kuma sakewa 2021. Suwidin ta haɗa nata biyu a 2008. Kowa da inda ya ajiye tasa, shi yasa in wani yace maka "ai haka ake yi a Turai" ka tambaye shi wace Turai.

Inda kake da gaskiya ɗari bisa ɗari shine wajen ma'adinai da sharar mai. Akwai yuraniyom a ƙasar Poli wajen Kitongo, akwai a Lolodorf can kudu, akwai alamunsa a Mayo Kebbi ta yamma wajen Lere. Masu bincikenmu sun yi awon radon a gidajen Poli da Lolodorf, kuma radon ɗin nan hukumar lafiya ta duniya tace shine na biyu wajen kawo kansar huhu bayan taba. In wata rana aka fara haƙa, ka tafi Arlit da Akokan a Nijar ka gani, mahaƙar Cominak ta rufe a Maris 2021 ta bar tarin dusar dutse wajen tan miliyan 20, kuma shekarun baya masu awo daga waje sun samu ƙarafan da suka fito daga mahaƙa suna yawo a kasuwa. A Jos ma dusar kuza da aka bari tana da nata. Haka cikin bututun mai da tankuna wani ɓawo yake taruwa mai radiyom, in aka kankare aka zubar ko aka sayar da tsohon bututun wani ya yi rumfa dashi, matsala ce. Wannan kam ƙasa ce da ruwa da ƙura, dole masu muhalli da masu radiyasiyo su zauna tare tun daga takardar nazarin tasirin aikin. Yarjejeniyar Bamako ta 1991 da ta hana shigo da shara mai guba Afirka ma ta sa sharar nukiliya a ciki, kuma mutanen muhalli ne ke riƙe da ita.

Abinda ni zan so ayi, wanda baya buƙatar rushe kowa, shine aron ƙafa. Matsalar hukumar radiyasiyo ba yawan daraktoci bane, nisa ne. Daga Yawunde zuwa Marwa ya haura kilomita 1,000, jirgin ƙasa a Ngaundare yake tsayawa, sauran kuma ka san hanyar. Su kuwa muhalli suna da delege a kowane yanki da kowane departema. To a rubuta yarjejeniya tsakanin hukumomin biyu, a ɗauki mutum ɗaya ko biyu a kowane ofishin muhalli a koya musu abu kaɗan amma su iya shi sosai, a basu ƙaramar na'urar awo, aikinsu su zaga filayen gwangwan da magazin kamfanonin hanya da suka gama aiki suka tafi, in na'ura tayi kuka su ja da baya su killace wajen su buga waya. Labo ma ana iya haɗawa, mota da direba da mai gadi da akanta duk ana iya haɗawa, nan ne ma kuɗin da kake son a rage yake. Amma sa hannu a izini, da ikon rufe ɗakin hoto ko tsayar da kamiyo a boda, da rajista, da asusun kuɗin da kamfanoni ke biya na izini, su zauna a hannun masu sana'ar.

In kuma wata rana gwamnati ta dage sai ta haɗe, tunda ba mu ake tambaya ba, to ka nemi takardar dokar ka karanta da idonka, kar ka tsaya a jawabin minista. Ka duba ko sufeto zai iya dakatar da aiki nan take da sa hannunsa ko sai takarda ta hau sama ta sauko. Ka duba ko kuɗin sashen a rubuce yake daban ko an zuba shi tukunya ɗaya. Ka duba ko an ce shugaban sashen dole ya zama mai ilimin abin. Ka duba wa aka ɗora wa rajista a watannin canji, da sunan muƙaminsa. Kuma ka duba ko tsofaffin takardun izini suna nan da ƙarfinsu har a bada sababbi, don in aka bar wannan giɓin kamfani zai ce maka ba wanda yake bin sa bashin komai.

Kai kuma tunda muhalli kake karantawa, in ka samu dama ka shiga kwas ɗin kariya daga radiyasiyo ka shiga, masu haɗa biyun basu da yawa. Kafin nan in kana da 'yan uwa a harkar gwangwan ka nuna musu alamar nan mai fuka-fuki uku baƙi ko ja-ja a kan ruwan ɗorawa, da sabuwar mai jan kusurwa uku da ƙoƙon kai da mutum na gudu. Ka faɗa musu duk ƙaramin ƙarfen da nauyinsa ya fi girmansa nesa ba kusa ba, ko akwai alama ko an kankare ta, kar a sa masa guduma ko wutar yanka, kar a kai shi ɗaki, a matsa nesa a hana yara zuwa a kira jandarma su nemo hukumar. In kuma wani ya riga ya taɓa ya fara amai ko fatar hannunsa ta yi kamar ƙuna ba tare da wuta ba, ya faɗa wa likita ƙarfen da ya taɓa da ranar da ya taɓa shi, don likitan bazai yi tunanin wannan da kansa ba, maganin maleriya zai rubuta masa.